Jinin Sikila da Abin da Ya Iso Kano

Duk wanda ya koyi aikin gwajin jini a Kano a da, ya fara ne da gwajin sikila na kan gilashi. Za ka ɗiga jini, ka ƙara masa ɗigon sinadarin da ke zuƙe iskar oksijin, ka rufe da siririn gilashi, ka bi gefensa da basilin kada iska ta shiga, ka ajiye. Bayan rabin awa ko awa guda sai ka leƙa ta mikroskof. In jinin mai AA ne, jajayen ƙwayoyin suna nan a zagayensu. In da S a ciki, sai ka tarar sun lanƙwashe sun yi tsini kamar lauje. Illar gwajin ita ce ba ya rarrabe mai AS da mai SS, sakamako ɗaya za ka rubuta musu, alhali ɗaya lafiyarsa lau, ɗayan kuwa jinyar rayuwa ce ke gabansa.

Matasan da ke zuwa koyon aiki sukan ɗauki sikila a matsayin tsohon darasi, hankalinsu yana kan DNA da manyan na'urori. Nakan ce musu ai a kan jinin sikila aka gina wannan ilimin da suke ɗoki. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya bayyana lanƙwasassun ƙwayoyin jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka saka himogulobin a cikin ruwan da lantarki ke ratsawa, suka ga na mai sikila ba ya tafiya daidai da na sauran mutane. Wannan ne karo na farko da aka ɗora laifin wata cuta a kan lalacewar sinadari guda ɗaya a jiki. A 1956 Vernon Ingram a Kambirij ya gano inda ɓarakar take: a jerin tubala 146 da suka haɗa sarƙar beta ta himogulobin, na shida ne kaɗai aka musanya. Shi ke nan. Wannan musanya guda ita ke sa himogulobin, da zarar ya sauke oksijin, ya manne da 'yan uwansa su yi dogayen sanduna a cikin ƙwayar jini. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kafin ta mutu kuma ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yaro da mahaifiyarsa barci lokacin hunturu daga nan yake. Hatta PCR, da kowa ya ji sunansa lokacin korona, takardar farko da aka wallafa a kansa a 1985 gwajin sikila aka yi da shi.

Mu ma nan Arewa muna da namu babin, sai dai ba a cika karanta shi ba. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa S ya yawaita a ƙasashen sauro. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi babban binciken zazzaɓi a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana jihar Kano, yanzu tana Jigawa. Alan Fleming, masanin jini da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya auna jinin mutanen wurin. Abin da suka wallafa a 1979 yana da tayar da hankali: kusan jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma in ka duba yaran da suka tasa da manya, da ƙyar za ka sami ko ɗaya. Sun rasu tun suna goye ko suna rarrafe, ba tare da an taɓa sanin sunan ciwonsu ba. Wasu an ce sanyin ƙashi ne, wasu iska, wata uwar kuma a ce wabi take yi. A yau ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar a Najeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Babu ƙasar da ta kai mu.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda kowa ke kira Asibitin Malam, an kafa shi a 1988, ya yi zaman aro a asibitin Murtala, ya tare a mazauninsa na titin Zariya a 1996. Mu mutanen Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi maƙwabtansa ne, da idonmu muka ga yadda unguwa ta cika da shagunan magani da ƙananan ɗakunan gwaji. A wannan zamani tankin ilektiroforesis ya zama ruwan dare, shi ne jikan na'urar Pauling. Ana fasa ƙwayoyin jini, a ɗiga ruwan a kan wata farar takarda ta musamman, a kunna wuta. Nau'in A shi ke gaba, S na biye, wani nau'in da ake kira C yana can baya. Layi ɗaya ko biyu da suka fito shi ne abin da mutane ke kira jinotayif.

Na'urorin PCR sun shigo ne daga baya, kuma a bayan kuɗin masu ba da tallafi suka shigo: na ƙanjamau don auna yawan ƙwayar cutar a jini da gwada jarirai, na tarin fuka, sannan na korona a 2020. Ban raina su ba, sun ceci rayuka. Amma abin lura ne cewa cutar da ba ta tsallaka teku, ba ta da mai sayo mata na'ura.

Akwai kuma tabon 1996. A shekarar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Bayan wannan, duk mai binciken da ya zo wa uba Bakano da takarda ya ce sa hannu, sai ya yi dogon bayani, kuma daidai ne ya yi.

Shi ya sa nake ganin girman aikin da aka yi kan shanyewar ɓarin jiki. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yakan gamu da ita kafin ya kai shekara ashirin in ba a ɗauki mataki ba. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, wajen kunne, ta auna gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗari. A Amurka tun 1998 maganin abin shi ne ƙarin jini duk wata. To wa zai iya wannan a Kano? Ina jinin, ina kuɗin, ina maganin rage ƙarfen da ke taruwa a jiki? Sai likitocinmu irin su Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi, tare da Michael DeBaun da Muktar Aliyu na Jami'ar Vanderbilt, suka yi tambayar da ta dace da aljihunmu: ko ƙwayar haidiroksiyuriya za ta wadatar?

Hikimar maganin daga cikin uwa ta samo asali. Ɗan tayi yana da nasa himogulobin, F, wanda ba ya mannewa, shi ya sa jariri mai SS ba ya nuna alama sai ya kai wata biyar ko shida, lokacin da jiki ya rage yin F. Haidiroksiyuriya tana sa ɓargo ya ci gaba da yin wani kaso na F ɗin. A gwajin da suka kira SPRING, an ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 a Kano da Kaduna, duk gudun jininsu ya kai matakin haɗari. Rabi aka ba su miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu, rabi 20. Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2022 ya nuna yara uku ne suka sami shanyewar jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, wato babu wani bambancin a-zo-a-gani, kuma duka biyun sun yi ƙasa ƙwarai da abin da aka saba gani ga yaran da ba sa shan komai. Ma'ana ƙaramin awo, mai rahusa, yana aiki. A ganina babu wani binciken sikila da ya fi wannan amfani ga uwa 'yar Unguwa Uku ko Hotoro, kuma a gidanmu aka yi shi.

A can waje, wannan F ɗin dai suka bi har tushe. Wajen 2008 aka tabbatar cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke kashe F bayan haihuwa. Da dabarar CRISPR ta zo, wadda ta sa aka ba Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020, sai aka iya ɗebo ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a lalata wannan makunni, a mayar masa da su. Ingila ta amince da maganin, Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, ban da cewa sai an fara ƙone tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, an yi makonni a kwance. Dashen ɓargo na 'yan uwa an fara shi a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin, amma waɗanda suka samu ba su taka kara sun karya ba. Ina murna da ilimin, amma ba na yaudarar iyaye da shi.

Abin da ya fi damuna yana kan teburinmu. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, har da jinotayif. Yanzu ɗaurin aure da fasa shi sun rataya a kan layin da ya fito a farar takardar nan. Amma mai SS da aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku zai iya fitowa AS. Akwai wasu nau'ikan himogulobin da ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa. In ruwan tankin ya tsufa ko wuta ta yi rauni, layukan sukan cuɗe, kuma wasu wuraren ba sa saka jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatantawa. Mun ga ma'auratan da aka ce musu AA da AS ne, suka haifi SS, miji ya fara kallon matarsa da wani ido, alhali laifin na wanda ya karanta takarda ne. Ban da masu sayen sakamakon bogi saboda so ya rufe musu ido.

Kayan gyara suna nan. Akwai na'urar HPLC da ke faɗin kason kowane nau'i, akwai ƙananan kayan gwaji na ɗigon jini da ke ba da amsa cikin mintuna ko da jariri ne. An gwada irinsu a wuraren riga-kafi a Gwagwalada, an gwada wata ƙaramar na'urar a nan Kano, har da asibitin yara na Hasiya Bayero. Jaririn da aka gano da wuri, aka ɗora shi kan fenisilin da riga-kafi da gidan sauro, ba zai bi sahun yaran Garki ba.

Don haka kirana ga gwamnatin jiha shi ne, dokar da ta tilasta gwaji ta zo da mai duba ɗakunan gwajin, a kuma haɗa gwajin jarirai da allurar farko. Ku kuma iyaye da masu shirin aure, kada ku tsaya a takarda ɗaya. Ku maimaita a wani wurin daban, in an taɓa yi muku ƙarin jini ku faɗa kafin a ɗiba.