Ɗan wasa a gaban mai mulki: daga Berlin zuwa ƙasar Kurfai

A wannan ɗan nazari za mu ɗauko tambayar da wasan kwaikwayo na Turai ya daɗe yana yi, mu gwada ta a ƙasar Kurfai: mai fasahar da ya ci gaba da aikinsa ƙarƙashin azzalumi, yana da laifi?

A 1979 Ariane Mnouchkine ta kai littafin Mephisto na Klaus Mann kan dandamali a Faransa, labarin ɗan wasan da ya samu ɗaukaka a hannun ƴan Nazi. A 1995 Ronald Harwood ya fito da Taking Sides, inda wani hafsan Amurka yake tuhumar Wilhelm Furtwängler, shugaban makaɗan Berlin, wanda ya ja ragamar kiɗa a bikin haihuwar Hitila a 1942, ya kuma ceci wasu Yahudawa. Wasan bai yanke hukunci ba. Amma a wasannin biyu akwai zaton cewa mai fasaha yana da wata ƙofa, watau hijira.

A wurinmu lamarin ya sha bamban. Seyni Kountché, haifaffen Fandu a yankin Filinge, ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma gwamnatinsa ta soja ce ta farfaɗo da Samariya, ta kafa gasar matasa ta ƙasa wadda ake yi daidai lokacin bikin tunawa da juyin mulkin. Ba yaƙi ake ba, sai dai fari da yunwa. Dandamalin, da kyautar, da rediyon da ke watsa wasan, duk na hukuma ne. Littafin Janet Beik na 1987 ya nuna yadda ƙungiyoyi suke tsara wasa da Hausa ba tare da rubutu ba, suna caccakar cin hanci da almubazzarancin ma'aikata. Jama'a sun yi dariya, kuma dariyar gaskiya ce. Sai dai ma'aikatan nan su ne waɗanda shugaban da kansa yake farauta. Sukar tana tsayawa inda kakin soja ya fara, alhali Diori Hamani yana tsare. A ganinmu, a nan sassaucin yake, kuma ba na mutum ɗaya ba ne da za a zaunar a tuhuma kamar Furtwängler: ya rarrabu tsakanin malaman makaranta, da shugabannin Samariya, da alƙalan gasa.

Kurfayawa kuwa sun san wani irin kwaikwayo tun kafin haka. Wajen 1925, wata mata mai suna Shibo daga Shikal ta fara hawan sababbin iskoki, Babule, masu tafiya da tsawa irin ta sojan Faransa. Mabiyanta suka bijire wa Gado Namalaya, sarkin da Turawa suka ɗora a Filinge. Kwamandan Croccichia na Yamai ya sa aka kama su aka tsare. Bayan haka sai shi ma ya shiga jerin iskokin, da sunan Kwamandan Mugu.