Karyayyen Noti a Cikin Inji: Daga Zamanin Bedford Zuwa 'Yan Kwatano

A garejin da na koyi aiki ba a auna makaniki da saurin sauke inji, domin yaron da ya ɗan kwana biyu a hannun maigidansa ma zai iya wannan. Abin da ake dubawa shi ne wa ake kira idan noti ya karye, kansa yana cikin sifana, gangar jikinsa kuma ta zauna a rami daidai da fuskar ƙarfe, babu inda filaya za ta kama. Yaro yakan zo a sanyaye ya ce, "Maigida, ya tsinke." Amsar kullum ɗaya ce: "Ajiye kayan aikin nan, kada ka ƙara taɓa shi." A yau mutane da yawa suna kwance motarsu a ƙofar gida ranar Asabar, waya a gefe tana nuna musu bidiyo, kuma ina jin daɗin haka. Sai dai su ba su da maigidan da zai ce su dakata, kuma a wannan aiki ɓarnar da ake yi bayan noti ya karye ta fi karyewar kanta tsada.

Manyanmu da suka fara sana'ar a kan Bedford da Austin da Land Rover, a garejin gwamnati da na En'e, sun tashi ne da zaren Ingila. Joseph Whitworth ya tsara shi a 1841, lokacin da kowace masana'anta ke yanka zaren notinta yadda ta ga dama, ya tsayar da kusurwar haƙoransa a digiri 55. A 1864 William Sellers ya kawo wa Amurka nata tsarin mai digiri 60. Bambancin digiri biyar ya zama babbar matsala a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kayan yaƙin ƙasashen biyu suka haɗu a fage ɗaya amma notinsu ba ya shiga na juna. Kamfanin Packard da ya ƙera injin jirgin sama na Merlin a Amurka sai da ya koma yanka zaren Ingila don injin ya dace da na asali. A 1949 Ingila da Amurka da Kanada suka amince da tsari guda, wanda ake kira Unified. Motocin Ingila na shekarun 1950 da 1960 sun iso mana a tsakiyar wannan sauyi, ta yadda mota ɗaya takan ɗauko tsohon zare a wani sashe, sabo a wani. Notin rabin inci na Whitworth yana da haƙori 12 a kowane inci, na Unified mai manyan haƙora yana da 13. Ido ba ya raba su. Zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sannan ya cije, mai ɗaurewa ya ɗauka datti ne ya ƙara ƙarfi.

Sai ga tsarin milimita. A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, daga baya Steyr ta zauna a Bauci, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, manyan motocin Fiat a Kano. Kowane gareji yana da tsohon gwangwanin da ake zuba ragowar noti, kuma daga wannan lokaci gwangwanin ya zama tarko, domin ma'auni uku ne kwance a ciki. Noti mai kaurin milimita 8 da mai kaurin 5/16 na inci kusan tagwaye ne, amma tazarar haƙoransu daban. Da motocin Japan suka yawaita aka ƙara wani rikicin: notinsu na milimita 10 galibi tazararsa 1.25 ce, kansa sifana 14, na Turai kuwa tazararsa 1.5, kansa 17 ko 16. Yawancin ramukan da na gani sun lalace a tsofaffin injuna daga gwangwanin nan aka ɗauko musu ajalinsu.

Amma babban sauyin da ya rikita hannun makanikai a ƙarfen inji yake. Injin tsohuwar gingimari baƙin ƙarfe ne na zubi sama da ƙasa, notinsa kuma manya. Yana da haƙuri. Mutum zai zura bututu a bayan sifana ya hau kai, inji ya shanye. A kan irin wannan inji aka horar da hannun iyayen gidanmu, su kuma suka horar da namu, da koyarwar cewa noti sai ya yi ƙara kafin a ce ya ɗauru. Peugeot 504 ta zo da bulok na baƙin ƙarfe amma kan injinta na alminiyam. Beetle kuwa gidan injinta na gaurayen maganiziyam ne, ƙarfe mai laushi, shi ya sa a wurinta dogayen notin silinda sukan tsige zaren rami su fito da shi maimakon su karye. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi sabuwar mota ta gagari talaka, sai motoci 'yan Kwatano suka cika tituna. Injunansu cike suke da alminiyam da ƙananan noti masu kai 10, wato masu kaurin milimita 6, waɗanda iyakar ɗaurinsu wajen Nm 10 ne. Wuyan hannu kaɗai yana kai wannan, ba sai an sa kafaɗa ba. Hannun da ya saba da Bedford yana murɗe irin wannan noti kafin ma ya ji ya fara ɗauri.

Motocin sun kuma zo da ciwonsu daga gida. A ƙasashen da ake ƙanƙara ana watsa gishiri a titi, don haka notin ƙasan mota da na salansa sun riga sun ci tsatsa kafin su hau jirgin ruwa. Mu kuma muka ƙara namu, muna zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto ba tare da maganin da ke hana tsatsa ba. Inda baƙin ƙarfe ya haɗu da alminiyam ga danshi, wani farin gari yakan taso tsakaninsu ya cika zaren ya ɗaure shi tamau. Shi ya sa notin famfon ruwa da na murfin tamostat suke cikin waɗanda suka fi karyewa. Na bakin salansa kuma zafi da sanyi ne ke gajiyar da su shekara da shekaru.

Sifanar awon ɗauri ba sabon abu ba ce. An ce Conrad Bahr ne ya ƙirƙiro ta a 1918 don ɗaure notin bututun ruwa a birnin New York. Amma ta daɗe ba ta shiga garejinmu ba, kuma har yau akwai masu ganin amfani da ita gazawa ce. Ni ina ganin wannan ra'ayi ya ci injuna da yawa. Noti ba ya riƙe abu don an matse shi kawai. Yana ɗan miƙewa ne idan an ɗaure shi, ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne riƙon. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake sa wa sifana a gogayya yake ƙarewa, a ƙarƙashin kai da cikin zare, ɗan abin da ya rage ne ke miƙa notin. Saboda haka idan littafin mota ya ba da awo na busasshen zare, kai kuma ka shafa masa baƙin mai, to da awo ɗaya ka miƙa shi fiye da ƙima. Sababbin injuna sun ma zo da notin kan inji da ake ɗaurewa zuwa wani awo, sannan a ƙara juyi na digiri 90, wani lokaci sau biyu. Irin wannan noti an kai shi bakin iyakarsa da gangan, ba ya komawa tsawonsa na da, kuma mafi yawan masu ƙera mota sun ce a canza shi duk lokacin da aka kwance. Mu kuwa mukan wanke shi da fetur mu mayar, domin saitin sabo yana da tsada. A ɗauri na biyu ko na uku yake tsinkewa.

Tambayar farko da gwani ke yi idan noti ya karye ita ce: wajen ɗaurewa ya karye ko wajen kwancewa? Dukan aikin a kan amsar nan yake. Wanda ya karye wajen ɗaurewa, da zarar kansa ya fita nauyin ya sauka, guntun da ke ciki sakwa-sakwa yake. Sau da yawa da ƙaramin ƙarfe mai tsini da 'yar guduma, ana bugun gefensa a hankali ta hannun hagu, zai juyo ya fito. Wanda ya karye wajen kwancewa kuwa ya riga ya gaya maka cewa riƙon da tsatsa ta yi masa ya fi ƙarfin jikinsa gaba ɗaya. Duk abin da za ka zura a cikinsa ya fi shi siranta. To ta yaya siririn zai yi abin da mai kaurin ya kasa?

A nan ne mutanen gida suke faɗawa rami. A kasuwa ana sayar da wani ɗan ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki ta hagu, a huda guntun noti a zura shi a juya. A kan noti mai sakwa-sakwa yana aiki. A kan wanda ya ci tsatsa kuwa illa biyu gare shi: tsininsa yana buɗa guntun ya ƙara manne shi da bangon rami, sannan shi kansa ƙarfe ne mai tauri ƙwarai marar lanƙwasa, ba ya gargaɗi sai dai ka ji ƙas. Idan ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cinsa, sai ya zame gefe ya shiga alminiyam mai laushi. Aikin awa ɗaya ya koma sauke inji. Ban taɓa ganin wani kayan aiki da ya jawo wa masu mota asara kamar wannan ba.

Hanyar da masu walda suka kawo mana ita ce ta fi kowace dacewa da injunan yanzu. A ɗora wasa mai rami daidai kan guntun a liƙe su, sannan a ɗora macen noti a kai a cika cikinta da walda. Amfaninta biyu: an samu sabon kai da sifana za ta kama, zafin kuma ya ratsa guntun ya farfasa tsatsar da ke riƙe da shi. Waldar baƙin ƙarfe ba ta kama alminiyam, don haka ramin yakan tsira. An ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma a nan sai an bari jan ya dushe, domin guntun yana kumbure ne yana da zafi, kuma waldar ba ta yi ƙwari ba. Sannan a riƙa juya shi gaba kaɗan, baya kaɗan, ana ɗiga masa mai. Idan macen ta ɓalle a sake liƙawa, kowane zagaye na zafi yana ƙara sassauta shi. A motar zamani wajibi ne a cire batir, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aikin, don kada wuta ta bi ta kwamfutar mota ko ta cikin boris.

Idan guntun ya yi zurfi walda ba ta kaiwa, sai huda. Sirrinta duka a tsakiya yake. A daidaita fuskar guntun, a buga alama a tsakiyarsa cif, a fara da ɗan siririn baki. Idan akwai hali a mayar da abin da aka cire a ɗaure shi da sauran notin, ramin jikinsa ya zama jagora don kada hannu ya karkace. Bakin huda mai juyawa hagu ya fi, domin yana ci yana kwancewa, kuma sau da yawa guntun yakan biyo shi waje kafin a kai ƙasa. In bai fito ba sai a riƙa ƙara girma har zuwa ma'aunin cikin zare: milimita 5 ga noti mai kaurin 6, milimita 6.8 ga mai kaurin 8. A nan abin da ya rage siririn zobe ne da ake tsamo shi da tsinke. A naɗa wa bakin huda alamar zurfi, domin bayan wasu ramukan hanyar ruwa ce ko ta mai.

A da, idan zaren rami ya mutu, sai a faɗaɗa shi a yanka sabo a sa noti mafi girma. Ya yi aiki a bulok mai kauri, amma a alminiyam na yanzu sau da yawa babu naman da za a ci. Maganin ya fito ne daga injunan jirgin sama a ƙarshen shekarun 1930: wata murɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe marar tsatsa, wadda aka fi sani da Heli-Coil, da ake zurawa cikin ramin da aka ɗan faɗaɗa, ta mayar da shi ma'auninsa na asali. Idan an sa ta daidai, a alminiyam takan fi zaren farko ƙarko. Shi kuwa ɗan ƙarfen nan mai murɗaɗɗen jiki da ya karye a cikin guntun noti, shi ma an nema masa magani tun tuni. A 1943 Boris da Natalya Lazarenko a Tarayyar Sobiyet suka gano yadda ake cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, a Amurka kuma Harold Stark da Victor Harding da Jack Beaver suka haɗa irin wannan na'ura musamman don ciro bakin huda da na yanka zare da suka karye a cikin zubin alminiyam. Na'urar ba ta kowane lungu ba ce. Akwai kuma dabarar masu gyaran agogo, wadda kayanta ke kowace kasuwa: alif ɗin nan da ake tace ruwa da shi. Idan aka narka shi da yawa a ruwan zafi aka jiƙa abin a ciki, yana cinye baƙin ƙarfe a hankali ya bar alminiyam. Yana ɗaukar awoyi, wani lokaci kwanaki, kuma ƙaramin abu ne kawai da za a iya cirewa a tsoma, kamar murfin tamostat. Ba a yin sa a bulok na baƙin ƙarfe, don alif ba zai bambanta noti da bulok ba.

Bayan an ci nasara akwai sauran aiki, kuma nan ma ana sakaci. A busa ramin sosai, domin mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasansa ba ya matsuwa, sabon noti na iya tura shi ya tsaga bulok. Sannan a duba lambar da ke kan notin da za a saya. Wanda aka rubuta wa 8.8 yana ɗaukar jan da ya kai megafaskal 800, 10.9 ya fi shi, wanda babu komai a kansa kuwa galibi na ƙofa ne da gado, ba na inji ba. A Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun notin da aka kwance daga injunan da suka mutu, kuma ga murfi da famfon ruwa da marikin alta na fi yarda da irin wannan, muddin zarensa lafiya kuma bai sirance a wuya ba. Na kan inji da na kwanrod kuwa, irin waɗanda ake ɗaurewa da digiri, sabo kawai nake sawa, kuma ina gaya wa mai mota kuɗinsa tun kafin in kwance na farko.