Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa: Tsakanin Tilas Da Yarda

A 1983 masanin ƙwayoyin cuta ɗan ƙasar Jamus, Harald zur Hausen, da abokan aikinsa suka gano ƙwayar HPV mai lamba 16 a cikin ƙarin da aka ciro daga bakin mahaifar mata. Bayan shekara guda suka gano mai lamba 18. Su biyun nan ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Da aka san tushen ciwon, sai aka shiga neman makarinsa. A 1991, a Jami'ar Queensland da ke Ostireliya, Ian Frazer da Jian Zhou suka haɗa wani ɓawo mai kama da ƙwayar amma babu cuta a cikinsa, wanda ke sa jiki ya shirya tun kafin ta shigo. A watan Yunin 2006 Amurka ta amince da allurar Gardasil.

Daga nan aka shiga gardama. Ƙwayar ta hanyar saduwa take yaɗuwa, allurar kuma ta fi amfani idan an yi ta kafin a kamu, don haka 'yan mata ƙanana ake yi wa. A watan Fabrairun 2007 gwamnan jihar Texas, Rick Perry, ya ba da umarnin wajabta ta ga duk yarinyar da za ta shiga aji shida. Iyaye suka ce an shiga hurumin tarbiyyarsu, wasu kuma suka zargi kamfanin Merck, mai yin allurar, da matsa wa 'yan siyasa lamba don kasuwarsa. Cikin 'yan watanni majalisar jihar ta soke umarnin. Abin da ya rage shi ne zargi, wanda ya daɗe yana bin allurar.

A wannan shekarar dai Ostireliya ta bi wata hanya. Ta kai allurar makarantu kyauta, ana aika wa iyaye takardar neman izini. A 2013 aka haɗa da yara maza, yanzu kuwa ƙasar tana sa ran kawar da ciwon nan da 2035. Ruwanda ta yi haka a 2011, ta zama ta farko a Afirka, ta kuma kai ga fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan matan da aka nufa, don ma'aikatan lafiya na unguwanni sun bi waɗanda ba sa zuwa makaranta.

Japan ta nuna abin da ke faruwa idan yarda ta kwance. A watan Yunin 2013, bayan kafafen labarai sun yayata koke-koken illa, gwamnati ta daina ƙarfafa wa mutane gwiwar karɓar allurar. Masu karɓa suka faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1. Bincike bai tabbatar allurar ce sanadin waɗannan larurori ba, amma sai a 2022 aka koma kan turba, bayan an tsallake 'yan mata masu ɗimbin yawa.

Mu nan mun san irin wannan tun kafin Japan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, mutane kuma ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya dawo da jama'a shi ne shigowar sarakuna da malamai, da matan unguwa masu shiga gida-gida, har aka wanke Najeriya daga cutar a 2020.

A ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, sau ɗaya tak, da burin kaiwa ga miliyan 7.7. Dalili a bayyane yake: a 2020 kaɗai mata kimanin 12,000 suka kamu da ciwon a ƙasar, kimanin 8,000 suka rasu. Tsohuwar jita-jitar hana haihuwa ma ba ta yi jinkirin dawowa ba.

Ina son kowace yarinya ta samu wannan allura, shi ya sa ba na goyon bayan a mai da ita sharaɗin shiga aji. A yankin da 'yan mata da yawa ba sa boko, dokar ba za ta kai gare su ba, uba mai shakka kuma zai samu hujjar zaunar da 'yarsa a gida. A kai allurar makarantun boko da na Islamiyya da zaurukan masu unguwanni, a amsa wa iyaye tambayoyinsu ba tare da raini ba, a kuma buɗe wa iyaye mata wuraren gwajin bakin mahaifa kusa da su. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan yaƙi, ta nan suka bi.