Amon Feda a Turombon: Sautin da Bututu Bai Tanada Ba

Amon feda shi ne sauti mafi kauri da turombon ke fitarwa a kowane matsayi bakwai na bututunsa mai zugewa. Ya samo sunansa daga fedar ogan ta majami'a, wadda ake takawa da ƙafa. A matsayi na farko leɓɓan mai busa na girgiza sau 58 a daƙiƙa, wato B♭1. A na bakwai sukan sauka zuwa kusan 41. Hector Berlioz ya fito da darajar wannan amo a kiɗan makoki da ya tsara a 1837, inda ya haɗa shi da sarewa.

Littattafan koyon busa da dama na koyar da cewa feda ita ce asalin sautin bututun, kuma duk wanda ya saki leɓɓa zai same ta. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba, ta bi bayanin masanin kimiyyar sauti Arthur Benade na 1976. Hanyar da aka bi ita ce lissafi daga tsawon bututu, sannan a gwada shi da awon da masana kimiyyar sauti suka wallafa.

Tsawon turombon ya kai mita 2.7. Bututu miƙaƙƙe mai wannan tsawo, da leɓɓa suka toshe gefe guda, zai amsa a wajen girgiza 32, 95 da 159 a daƙiƙa, jerin da bai dace da na turombon ba. Faɗin bakin ƙaho da kofin busa ne ke gyara shi zuwa 116, 175 da 233, waɗanda duk kusan ninkin 58 ne. Amsawa ta farko kuwa ba ta gyaruwa: tana tsayawa a kusan 38, can ƙasa da feda. Ashe a 58 ɗin babu abin da ke amsawa. Leɓɓa ne ke kaɗawa a can, amsawa ta biyu da ta uku da ta huɗu su haɗu su riƙe su, kunne kuma ya cike gurbin. Dalili ke nan da feda ke da gurnani, take santsi a bakin ɗalibi, take kuma cin numfashi. Da haka ake gane amfanin atisayen da ƙwararru suka daɗe suna yi: a busa 116 ya zauna daram, a sauke muƙamuƙi, a gangara ba tare da yanke iska ba.

Gaskiya ne lissafin bai shigar da kogon baki da maƙogwaron mai busa ba, kuma turombon mai kauri, mai faɗin bututu da bawul, na sauƙaƙa aikin. Sai dai wannan bai ɗaga amsawa ta farko zuwa 58 ba. Ya kamata malaman badujala su fara koyar da feda daga sautin da ke samanta.