Karin kumallon baƙo, daga gidan fatoma zuwa otal

Ɗan'uwa mai bin hanya, in ka taɓa kwana a Djougou ka tashi da safe kana neman abin karyawa, to ka sani tambayar nan ta girme ni da kai. A ƙarni na 19 garin nan babban zango ne a hanyar Gwanja. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su ratso ƙasar Bargu, su yada zango a unguwar Wangara, kafin su wuce Salaga sayen goro.

A wancan zamani babu otal. Madugu na da fatomansa, wato mai masaukin da ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye. Abincin baƙo daga gidan fatoma yake fitowa, ba a rubuta masa lissafi. Kada ka ce alheri ne zalla. Fatoma na cin la'ada a kan cinikin baƙonsa, saboda haka mai jakuna da yawa kwanonsa ya fi na ɗan koli nauyi. Ashe tun can da akwai masaukin manya da na ƙanana.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya raunana hanyar, sannan Turawa suka yanka ƙasa, kowa ya zo da nasa karin kumallon. Wannan ɓangare ya gaji dogon burodin Faransa da kofi da madara. Ƙetare iyaka zuwa Najeriya sai ka tarar da shayi da burodi mai laushi, gadon Ingila. Ghana kuwa har gobe kokon da ake sha da ƙosai sunan Hausawa yake ɗauke da shi, ka ga sawun fataken nan bai goge ba. Da layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, sai matafiyi ya fara kwana kusa da tasha, ya biya ɗaki daban, ya biya ciki daban.

Yau fa? A babban otal na Parakou za a kawo maka burodi da bota da kofi, wani lokaci da wainar ƙwai, a faranti mai kyau. Ƙaramin masauki sau da yawa ɗaki kawai zai ba ka. Ni dai a ganina, ga mai korar shanu zuwa kasuwa ko mai jiran mota zuwa Malanville, na otal ɗin ba ya riƙe ciki zuwa azahar. Kuma a lokacin da ake fara kawo shi, kai ka yi sallar asuba ka kama hanya tuni. Don haka kafin ka biya, tambaya ko kuɗin karyawa na cikin kuɗin ɗaki, da kuma ƙarfe nawa ake bayarwa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne madara. A teburin otal ta gwangwani ce ko ta gari daga waje, alhali a bakin titi ga matar Bafulatani zaune da wagashi, cukun da aka yi da nonon shanunku, har mutanen Kwatano ke saye su yi tsaraba.