Mu da Ghana: daga Surulere zuwa Abuja

Dattawan da ke cewa yaran yanzu ne suka kawo hauka filin ƙwallo sun manta da 1973. Ranar 10 ga Fabrairun shekarar Najeriya ta karɓi Ghana a babban filin wasa na Surulere a Legas, ana neman gurbin gasar kofin duniya ta 1974. Wata guda kafin nan 'yan wasanmu, Green Eagles a lokacin, sun ci zinare a wasannin Afirka a wannan filin, don haka kowa ya shiga da tabbacin Ghana ta zo shan kashi ne. Sai ga Ghana da uku, mu da biyu. Saura 'yan mintoci a tashi, duwatsu da kwalabe suka fara sauka, wasa ya watse, aka cinna wa motar baƙin wuta. FIFA ta ba Ghana nasara da ci 2 da nema.

A garinmu Achida ba wanda ya rasa barci a kan haka. Kawuna, wanda akwatin rediyonsa ke tara mutane a ƙofar gida bayan isha'i, ya ce labarin bai kai na dambe da kokawar kaka daɗi a bakin jama'a ba. Mu a nan Ghana ƙasar Gwanja ce, inda goro ke fitowa. Abin da ya taɓa mu shi ne korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969, Hausawa da yawa suka dawo gida hannu rabbana. A 1983 kuma gwamnatin Shagari, namu na Sakkwato, ta kori 'yan Ghana. Tsamar ta wuce ƙwallo.

Wasanmu da Ghana na 29 ga Maris 2022 kuwa da idona na gani, a gidan kallo, ana saura kwanaki a kama azumi. Zafin bazara, janareto na ruri, matasan da suka yini a fadama suna ban ruwan albasa sun cika benci. A wasan farko an yi canjaras ba ci a Kumasi. A Abuja Thomas Partey ya buga wadda ta suɓuce wa Francis Uzoho, Troost-Ekong ya rama da fanareti, aka tashi ɗaya da ɗaya, ƙwallon waje ta kai Ghana gasar kofin duniya a Qatar. Nan take 'yan kallo suka kwararo cikin filin Moshood Abiola, wanda Ɗangote bai daɗe da gyara ciyawarsa ba, suka farfasa rumfunan zaman 'yan wasa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Wani likita ɗan Zambiya da ya zo aikin wasan, Joseph Kabungo, a daren ya rasu.

Wani tsoho a bayana ya ce, "Ɗiyan yanzu ba su da tarbiyya." Na waiga na ce, "Baba, na zamaninku mota suka ƙone." Bambancin da na gani shi ne na Legas baƙo suka far wa, na Abuja kuwa kayan gidansu suka ragargaza. Kada a manta, daren da ya gabata ne aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Mutane sun shiga filin da zuciya a cike. Wannan ba uzuri ba ne, amma ban yarda ƙwallon Partey kaɗai ta yi aikin ba.

FIFA ta ci Najeriya tarar faran 150,000 na Suwizalan, ta kuma ce a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Koci Augustine Eguavoen ya ajiye aiki cikin makon.