Daga Liƙi da Ƙaro Zuwa Albam Mai Aljihu: Tarihin Adana Kan Sarki

A gidajen tsofaffin ma'aikatan gwamnati na Unguwar Rimi a Kaduna, idan mai gida ya kwanta dama aka zo rabon gado, akwai wata adaka da ake bari sai ƙarshe. In an buɗe ta, takardu ne fal: takardar ɗaukar aiki, rasit na haraji, hotunan da suka koɗe, da ƙunshin wasiƙu cikin ambulan masu ratsin ja da shuɗi a gefe. Magada sukan ware takardar fili da ta fansho, sauran kuwa a zuba a buhu, ƙarshenta su faɗa hannun mai ƙosai. Ba kowa ke tsayawa ya dubi 'yar takardar nan mai haƙora da ke manne a kusurwar kowace ambulan ba. Alhali a wasu ƙasashe, saboda ita kaɗai aka yi shekara sama da 160 ana sake fasalin littafin da za a ajiye ta a ciki, har aka kai ga albam mai aljihu, wanda ba a liƙa komai a cikinsa.

Sunan da Bahaushe ya raɗa mata, wato kan sarki, yana ɗauke da tarihinta. A watan Mayun 1840 Ingila ta fitar da na farko a duniya, bisa shawarar Rowland Hill. Baƙi ne, kuɗinsa kwabo ɗaya, da kan Sarauniya Biktoriya a jikinsa. Kafin nan wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biya, kuma gwargwadon nisan tafiya. Sabon tsarin ya mai da biyan kan mai aikawa, da farashi guda a duk faɗin ƙasar. Da almakashi ake yanka shi daga falle, sai a 1854 aka fara huda layin da ke ba shi haƙora. A ƙasar Hausa kuwa, lokacin da wasiƙar gidan waya ta fara zama ruwan dare, kawunan Sarki Edward na Bakwai da Sarki George na Biyar mutane suka riƙa gani a kai. Sarakunan sun shuɗe, mulkinsu ya nannaɗe tabarmarsa, sunan bai gusa ba.

Legas ce ta fara samun nata a 1874. Arewa sai a 1900, shekarar da Lugard ya karɓi ragama daga hannun kamfanin Neja a Lokoja. Kamfanin De La Rue na Landan ya buga guda tara masu sunan Nijeriya ta Arewa, daga na ɗari har zuwa na sule goma. Abin lura shi ne, takardar ta riga bindiga isowa: an buga sunan ƙasar a kan sarki shekara 3 kafin a ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma a lokacin ba a ma kafa Kaduna a matsayin hedikwata ba, don sai a 1917 aka gama ƙaura daga Zungeru. Shekara 14 kacal aka yi ana amfani da kan sarkin Arewa, duka-duka kuma hamsin ne da 'yan kai. A cikinsu akwai na fam 25 da ya fito a 1904, kuɗin da ya wuce na kowace irin wasiƙa nesa ba kusa ba, wanda a yau yana cikin waɗanda masu tarawa suka fi wahalar samu. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka koma suna guda, Nijeriya.

Daga 1936 ne ƙasar ta fara ganin kanta a jikin kan sarki. Jerin wannan shekara ya nuna injin gurzar auduga, da shanun Fulani, da haƙar kuza, da kogin Kwara a Jebba. Na 1953, farkon zamanin Sarauniya Elizabeth, ya fi kusa da mu: mahayan Barno a na kwabo, gyaɗa a na ahu, gadar Jebba a na taro, fatu da ƙiraga a na sule goma. Wanda ya jera su a gabansa ya ga abin da Turawa suka ɗauka shi ne arzikin Arewa. Ga mutumin Kaduna kuwa, babu kamar biyun da aka fitar a watan Maris na 1959, lokacin da Jihar Arewa ta sami mulkin kai a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Na sule ɗaya masallacin Kano ne, na taro kuma Lugard Hall, ginin nan mai ƙubba da ke tafiyar 'yan mintoci daga Unguwar Rimi, inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama a yau. Ranar 1 ga Oktoban 1960 na 'yancin kai suka fito, a 1973 kuma naira da kwabo suka kori fam da sule daga jikinsa.

A waɗannan shekaru kan sarki kayan masarufi ne a Kaduna. Ma'aikaci na aika wa iyaye wasiƙa a ƙauye, ɗalibi na neman gurbin karatu, masu zaɓi sonka na tura katin gaisuwa Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wasu na rubuta wa Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki tun 1957. Ko rasit ko takardar ciniki ba ta cika ba sai an manna kan sarki an rattaba hannu a kansa. 'Yan makaranta da yawa sun yi yayin tarawa. A yage kusurwar ambulan, a jiƙa a kwano har kan sarkin ya saki, a shanya a tsakanin shafukan jarida, sannan a samo tsohon littafin rubutu a shafa gam ko ruwan ƙaro a danne. Yaron da ya yi haka bai san cewa kuskuren da Turawa suka fara da shi ya maimaita ba.

A 1862 wani Bafaranshe mai suna Justin Lallier ya buga albam na farko a Faris, da gurbin kowane kan sarki a zane. Masu tarawa na wancan zamani gam suke shafawa su liƙe, wasu har su sa almakashi su datse haƙora don ya shiga gurbi daidai. Garin gyaran gira aka rasa ido: dubban kan sarki na farkon zamani sun lalace ta haka, don wanda aka liƙe ba ya fitowa sai ya bar rabin bayansa a shafi. Da harkar ta zama kasuwa, 'yan kasuwa irin su Stanley Gibbons a Ingila da John Walter Scott a Amurka suka fara buga kundin farashi, sai aka gane cewa lafiyar takarda ita ce kuɗi. Daga nan aka ƙirƙiro 'yar siririyar takardar liƙi mai ɗan gam kaɗan. A lanƙwasa ta biyu, a ɗan jiƙa, ɓari guda ya kama bayan kan sarki, ɗayan ya kama shafi, ta yadda za a iya ɗaga shi kamar ƙyaure a dubi bayansa. Wannan dabara ta yi kusan ƙarni tana ci, har Sarki George na Biyar, wanda shi kansa gawurtaccen mai tarawa ne, a zamaninta ya yi tashensa.

Sai dai ita ma ba ta rasa aibu ba. Ko da an ɓare ta a hankali, takan bar tabo a gam ɗin asali da ke bayan sabon kan sarki. Sannu a hankali masu saye, musamman a Jamus, suka fara juya kan sarki su dubi bayansa kafin fuskarsa, farashi ya rabu biyu: wanda ba a taɓa liƙa wa komai ba, da wanda ke da tabo, wanda sau da yawa kuɗinsa kan faɗi ƙasa warwas. Buƙatar nan ce ta haifi albam mai aljihu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Hans Widmaier na Balin ya fito da aljihun roba mai garai-garai da aka sa wa suna Hawid, daga farkon sunayensa biyu. Kamfanonin Lindner da Leuchtturm na Jamus da DAVO na garin Deventer a Holan suka shiga buga albam ƙasa-ƙasa, kowane shafi da aljihunsa a manne tun daga masana'anta.

In ka buɗe irin wannan albam, shafin takarda ce mai kauri wadda ba ta da sinadarin da ke sa takarda ta yi ja. An buga gurbin kowane kan sarki bisa jerin shekarun fitowarsa, sau da yawa da hotonsa a dishe da ɗan bayani a ƙasa. A kan gurbin akwai fallen roba biyu da aka haɗe ta gindi. Sai ka ɗauki kan sarkin da matsefata mai faffaɗan baki, ba da yatsa ba, don gumi da maiƙon hannu na barin shaida, ka ɗaga fallen sama, ka zura shi, ka saki. Ba ruwa, ba yawu, ba gam. In ka so fito da shi bayan shekara 30, haka zai fito yadda ya shiga. Masu tsadar cikinsu suna da bango mai laushi da kube da ake zura littafin ciki saboda ƙura, ga zobba ko ƙusoshin da ke ba da damar ƙara shafukan sabuwar shekara. Gurbin da babu kowa a ciki kuma shi ke hana mai tarawa barci, don kullum yana nuna masa abin da ya rage.

Ko da yake don ƙasashen sanyi aka ƙera shi, mu ne muka fi buƙatar darasinsa. Shekaru da dama ƙaro ne ake shafa wa bayan kan sarkin Ingila, irin wanda ake ɗiba a dazuzzukan Barno da Yobe da Jigawa, irin wanda almajiri ke sa wa tawada, sai a 1968 aka koma gam ɗin masana'anta. Kowa ya san halin ƙaro da laima. A Kaduna, daga Yuni zuwa Satumba, danshin damina kan narkar da shi ya manne kan sarki da duk abin da ya taɓa, ya bar ɗigo-ɗigon tsatsa a fuskarsa. Hunturu ya zo ya busar da shi har ya nannaɗe ya tsattsage. Abin da ya tsira kuma gara da kyankyaso na jira. Aljihun roba ma ba ya maganin laima shi kaɗai, sai an tsai da albam a tsaye kamar littafi, nesa da bango da ƙasa, ana buɗe shi yana shan iska lokaci-lokaci. Roba mai laushi irin ta albam ɗin hotunan biki kuwa guba ce, don maiƙon da ke cikinta na cin launi.

Tun da aka raba ma'aikatar gidan waya da tarho aka kafa hukumar gidan waya ta NIPOST a 1985, sannan wayar salula ta shigo a 2001, wasiƙa ta ja baya, akwatunan gidan waya da yawa suka zama gidan gizo-gizo. Ma'anar wannan ita ce abin da ke cikin adakokin nan ba za a sake yin irinsa ba. Albam mai aljihu daga Turai ake odarsa, da kuɗin waje, kuma kasuwarsa ta fi ƙarfi a ƙasashen da masu tarawa suka yi yawa. Amma ba sai da shi ake farawa ba. Littafi mai layukan aljihu marar tsada da matsefata da busasshen wuri sun wadatar. Tsohuwar ambulan mai hatimin Zungeru ko Kaduna ko Zariya kuma kada a yage ta, domin hatimin da kwanan watan da adireshin sun fi kan sarkin shi kaɗai ba da labari.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk wanda adakar mahaifinsa ta faɗo a rabonsa, ya zauna ya tsefe ta kafin damina mai zuwa. Abin da ba zai iya riƙewa ba ya tuntuɓi Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, dukansu a nan Kaduna suke, kafin ya miƙa wa mai ƙosai.